Martani: Ficewa Daga ECOWAS Ba Ita Ce Maganin Ciwonmu Ba

Na karanta rubutun da wani malaminmu ya fitar kwanakin baya a kan ƙungiyar ECOWAS, inda ya yanke mata hukuncin cewa shekara hamsin ɗin da ta yi ba ta tsinana wa talakan Arewa komai ba. A ganinsa taron shugabanni ce kawai, mai rawa da bazar Faransa, wadda ba ta iya komai ba sai ƙaƙaba takunkumi da barazanar yaƙi. Ya ce zumuncinmu da Maraɗi da Damagaram ya girmi kowace takarda da aka sa wa hannu a Legas, don haka gara Najeriya ta bi sahun Nijar da Mali da Burkina Faso, ta tattara nata ya nata ta fice.

Malam mutum ne da nake ganin girmansa, kuma na san ba son zuciya ne ya sa shi rubutun ba, takaici ne. Takaicin nan ni ma ina da shi. Amma hukuncin da ya gina a kansa bai zauna ba, kuma idan aka bi shawararsa, mu mutanen Kano ne za mu fara ɗanɗana kuɗarmu kafin kowa.

Bari in fara da inda Malam yake da gaskiya, domin ba ƙaramar gaskiya ba ce. Sojoji sun hamɓarar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023. Kwana huɗu bayan nan shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja, suka rufe iyakoki, suka tsayar da hulɗar kuɗi da kasuwanci, suka ba jagoran juyin mulkin, Janar Tiani, wa'adin mako guda. Najeriya ta yanke wutar da take tura wa Nijar, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin ƙasar. Ranar 10 ga Agusta aka ce a ɗaura ɗamarar rundunar ko-ta-kwana. Wa ya sha wuyar wannan? Ba janar ko ɗaya da ya kwana da yunwa. Majinyaci ne a asibitin Yamai da wuta ta ɗauke masa, da mai albasa da kayansa suka ruɓe a cikin mota a bakin iyaka, da ɗan dako a Jibiya da Illela da Maigatari wanda ya wayi gari babu abin saukewa. Wannan takunkumi zalunci ne, ba ni da wani sunan da zan kira shi, kuma duk wanda yake son ECOWAS ta ɗore shi ya fi cancanta ya faɗi haka da babbar murya.

Sai dai ina so Malam ya tsaya ya dubi abin da ya sa takunkumin ya yi mana ciwo haka. Ya yi ciwo ne saboda an toshe ƙofar da muka saba ganinta a buɗe. Wa ya buɗe ta? Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a Dakar ranar 29 ga Mayu 1979, wadda ta ba ɗan kowace ƙasa ta ƙungiyar damar shiga ƙasar maƙwabcinsa ya yi kwana 90 ba tare da biza ba, daga baya aka ƙara masa izinin zama a 1986 da izinin kafa sana'a a 1990. Mun daɗe cikin wannan ni'ima har mun ɗauka haka Allah ya halicci iyaka. Sai da aka ɗauke ta na wata bakwai muka gane nauyinta. Mutumin da aka rufe wa ƙofa kukansa a buɗe ne, ba a rushe gidan ba.

Kuma su wa suka hana yaƙin? Mu ne. Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi amincewa da tura soja ranar 5 ga Agusta. Sarki Muhammadu Sanusi II ya je Yamai ya gana da Tiani tare da Sarkin Damagaram. Tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta bi baya. Janar Abdulsalami Abubakar da Mai Alfarma Sarkin Musulmi sun yi ta zarya da sunan ita ƙungiyar kanta. Jama'a sun fito kan titi a nan Kano sun ce ba mu yarda ba. Ranar 24 ga Fabrairu 2024 aka janye takunkumin, a watan Maris aka ba da umarnin buɗe iyaka. Ƙungiyar da muryar mutanen Kano da Sakkwato take iya tanƙwara ta ba ƙungiyar da za a yi wa sallar jana'iza ba ce.

Maganar da ta fi ɗaukar hankalin masu karatu a rubutun Malam ita ce ta zumunci. Ya kawo tarihi mai daɗi, kuma duk gaskiya ne. Katsinawan Maraɗi daga Katsina suka tashi. Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna kai kaya Gwanja suna dawowa da goro, kuma Alhassan Ɗantata da kansa a wannan hanya ya kafa arzikinsa. Ba ECOWAS ce ta haɗa mu da kowa ba. To amma zumunci ya taɓa hana gwamnati korar baƙo? A watan Nuwamba 1969, shekara shida kafin a kafa ƙungiyar, gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya fice. Mutanen zango da aka haife su a Kumasi da Accra, waɗanda kakanninsu suka zo tun kafin a san wata ƙasa mai suna Ghana, suka sayar da rumfunansu a wulaƙance suka hau manyan motoci. Tarihin Gwanja bai cece su ba, auratayya ba ta cece su ba, domin babu wata doka da ta tsaya musu.

Malam zai iya ce mini ai bayan an kafa ƙungiyar ma an yi kora. Haka ne, kuma mu muka yi ta. A watan Janairu 1983 gwamnatin Shagari ta kori baƙi fiye da miliyan ɗaya, cikinsu har da 'yan Nijar masu yawa. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986, rufewar kuma ta zo daidai lokacin da fari ya cinye amfanin gona a Nijar, har mutanen can suka laƙaba wa yunwar wancan lokaci sunan Buhari. Sannan ga ta kusa: a watan Yuli 2019 Shugaba Buhari ya je Yamai ya sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci marar shinge ta Afirka, wata guda bayan nan ya rufe iyakoki da sunan hana shigo da shinkafa. Illela da Maigatari ba su buɗe ba sai Disamba 2020, Jibiya kuwa sai Afrilu 2022. Duk ɗan kasuwar Dawanau ya san abin da ya gani a waɗannan watanni. Wake da riɗi da dabbobin da suka saba shigowa ta hanyar gaskiya suka koma bin daji a kan babura, kuɗin fito ya ninka, mai saye a Tarauni ya biya.

Ga tambayata ga Malam: a cikin waɗannan masifu uku, wanne ne ECOWAS ta jawo? Babu. Kowannensu ya faru ne ranar da gwamnatinmu ta ajiye alƙawarin da ta ɗauka a gefe ta yi gaban kanta. Abin da Malam yake nema, wato kowace ƙasa ta zama ba mai ce mata don me a bakin iyakarta, mun riga mun gwada shi sau uku. Bambancin kawai shi ne a wancan lokaci akwai takardar da maƙwabta za su ɗaga su ce kun saɓa. Idan muka fice, ko wannan babu. Lokacin da hukumomin Ghana suka riƙa kulle shagunan 'yan Najeriya a 2019 da 2020, suna cewa sai baƙo ya nuna jarin dala miliyan ɗaya kafin ya yi kasuwanci, ba da tarihin fatauci 'yan kasuwarmu suka yi jayayya ba. Yarjejeniyar ECOWAS suka riƙe, ita ce kaɗai makamin da yake hannunsu.

Batun Faransa kuwa, a nan Malam ya juya tarihi kansa ƙasa. A lokacin yaƙin basasarmu Faransa ta taimaka wa Biyafara da makamai, Kodebuwa ta amince da ita a matsayin ƙasa a 1968. Da aka gama yaƙi, Janar Yakubu Gowon ya fahimci cewa muddin maƙwabtanmu suna kallon Paris kafin su kalli Legas, Najeriya ba za ta yi barci da ido biyu rufe ba. Shi da Eyadema na Togo, da Farfesa Adebayo Adedeji a gefensu, suka bi ƙasashe ɗaya bayan ɗaya. Faransa kuma ta mara wa wata ƙungiya ta ƙasashen da ta raina zalla baya, wato CEAO, wadda aka ƙulla a 1973 don ta zama kishiya. Duk da haka ƙasashe 15 suka sa hannu a Legas ranar 28 ga Mayu 1975. An haifi ECOWAS ne don a rage hannun Faransa a yankin nan. Ban ce hannun ya fita ba. A Disamba 2019 Shugaba Ouattara na Kodebuwa ya tsaya kusa da Shugaba Macron na Faransa a Abijan ya ce za a sauya wa sefa suna ta koma eko, sunan da aka tanadar wa kuɗin bai ɗaya na yankin duka. Wata guda bayan nan Najeriya da sauran ƙasashen da ba sa cikin sefa suka zauna a Abuja suka ce ba su yarda ba. A cikin zauren aka yi wannan kokawa. Da Najeriya ba ta ciki, wa zai ce a'a?

Malam ya ƙalubalanci duk mai iya nuna masa inda talaka ya taɓa ganin ECOWAS da idonsa. Ni a Hotoro nake, kuma ba sai na je da nisa ba. A watan Agusta 2020, ana tsakiyar ƙuncin korona, a rumbun hatsi na nan unguwarmu aka miƙa wa gwamnatin Najeriya tan 3,999 na hatsi daga ajiyar abinci ta yankin, wadda shugabannin ƙungiyar suka amince a kafa a 2013 domin ranar da wata ƙasa za ta shiga uku. Na san wannan bai kai cikin cokali ba idan aka auna shi da yawan mabuƙata, kuma yadda aka raba shi bayan ya shiga hannun jami'anmu wata tambaya ce da ya kamata a yi wa jami'anmu. Amma tunanin da yake ƙarƙashinsa shi ne tunanin da kakanninmu suka rayu a kai: damina ba ta ƙin kowa a shekara ɗaya, wanda ya samu ya ajiye wa wanda bai samu ba.

Wanda yake son ganin abin da ya fi wannan girma ya gangaro Mariri da safe, lokacin da ake sauke goro. Zai ga 'yan dako suna sauko da huhuna daga bayan mota, dillali ya kwance ɗaya ya ɗaga ganyen, ya tsoma hannu ya zaro fari da ja ya fasa ɗaya a gaban mai saye, sannan a fara ciniki ƙwarya ƙwarya. Wani goron daga ƙasar Yarabawa ya taso, wani kuwa sai da ya ƙetare iyakar ƙasa fiye da ɗaya kafin ya iso, kuma daga nan wani zai sake ɗaukar hanya zuwa Damagaram ko Maiduguri. Direban da ya kawo shi bai je ofishin jakadancin kowa ya yi layin biza ba. Inshorar motarsa ta katin ruwan ƙasa, wadda aka ƙirƙiro a 1982, tana aiki daga nan har Abijan. A ƙa'ida amfanin gona da dabbobi da kayan aikin hannu na yankin ba a biya musu harajin shigowa. Mai huhun goro ba zai ce maka ECOWAS ba, watakila bai taɓa furta sunan ba, amma a cikin inuwarta yake cin abinci. Haka majinyacin Maraɗi da yake zuwa asibitin Malam Aminu Kano a Gyaɗi-Gyaɗi, haka ɗalibanmu da suka tafi karatu Maraɗi da Kwatano.

Akwai kuma abin da Malam bai ambata ba ko sau ɗaya, wato kotun ƙungiyar, kuma shirun nan ya dame ni. Hadijatu Mani yarinya ce daga yankin Birnin Ƙonni. Tana da shekara 12 aka sayar da ita a 1996 a kan sefa 240,000, ta zama wahayya, wato baiwa. Bayan an ba ta takardar 'yanci a 2005 ta auri wanda take so, sai kotun ƙasarta ta ɗaure ta da laifin aure kan aure. Ƙofofin gida duk sun rufe mata. Ta kai ƙarar gwamnatin Nijar gaban kotun ECOWAS, alƙalan suka taso daga Abuja suka zauna a Yamai, ranar 27 ga Oktoba 2008 suka yanke cewa ƙasarta ta gaza kare ta daga bauta, suka ce a biya ta diyyar sefa miliyan 10. Aka biya. Baiwa ta yi shari'a da gwamnati ta yi nasara. A wane dandali kuma wannan zai yiwu a yankinmu? Tun ranar 29 ga Janairu 2025 da ficewar Nijar ta tabbata, ƙanwar Hadijatu da za ta shiga irin halinta ba ta da wannan ƙofa. Wannan hasara ba a buga ta a kanun labarai ba, domin wadda ta yi ta ba ta da murya.

Gaskiya ne gwamnatoci suna yin kunnen uwar shegu da hukuncin kotun. Ta ce gwamnatin Najeriya ta saki Sambo Dasuki a 2016, bai fito ba sai ƙarshen 2019. Ta ce a saki Bazoum a Disamba 2023, ba a saurare ta ba. Amma wannan laifin wa? Laifin alƙalin da ya faɗi gaskiya ne, ko na mai mulkin da ya ƙi ji?

Haka sauran gazawar take idan aka bi ta a tsanake. Kuɗin bai ɗaya an yi ta ɗage ranarsa har an kai 2027, saboda ƙasashen sun kasa riƙe hauhawar farashi da gibin kasafinsu, mu ne kuma a gaba wajen kasawar. Cinikin da ke tsakanin ƙasashen a lissafin hukuma bai kai kashi 15 cikin 100 na kasuwancinsu ba. Layin wuta na Arewa da aka tsara daga Birnin Kebbi zuwa Yamai da Wagadugu ya sha jinkiri. Babban ciwon direba kuwa shi ne shingayen hanya. Daga Katsina zuwa Jibiya tafiya ce gajera, amma a tambayi masu ɗaukar kaya sau nawa ake tsayar da su a miƙa hannu. Masu tsayar da su ba daga sakatariyar ECOWAS aka turo su ba, kakin ƙasarmu ne a jikinsu, albashinmu suke ci. Idan Najeriya ta fice gobe, ko shinge ɗaya ba zai tashi ba. Abin da zai ƙaru shi ne mai shingen zai sami sabon dalili na halal da zai tsayar da kai.

Ko su waɗanda Malam yake so mu yi koyi da su, ya duba abin da suka riƙe da abin da suka yar. Suna gab da fita, a Disamba 2024, suka sanar cewa 'yan ƙasashen ECOWAS za su ci gaba da shiga ƙasashensu ba biza. Ita ma ƙungiyar ta ce za ta ci gaba da karɓar fasfo da kayan mutanensu har sai an ga abin da hali ya yi. Kowane ɓangare ya san wannan 'yanci ne abin da ba a iya rabuwa da shi. Sai dai abin da a da haƙƙi ne rubutacce yanzu ya koma alfarma, kuma wanda ya yi maka alfarma yau yana iya janye ta gobe da sanarwar dare ɗaya. Ba na raina fushin mutanen Nijar, suna da dalilinsu. Amma ba na yi wa ɗan kasuwar Kantin Kwari fatan ya dogara da alfarma, alhali jirgin ƙasan Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 yana kan hanya, tashar tsandauri ta Dala kuma an buɗe ta tun Janairu 2023 da niyyar ta riƙa ciyar da maƙwabta. Dogo da tasha ba su da amfani idan babu dokar da za ta bar kaya su wuce.

Abin da ya kamace mu ya fi ficewa wuya, shi ya sa ba a son faɗarsa. Kuɗin da ake tafiyar da ƙungiyar daga harajin rabin kashi ɗaya cikin 100 yake fitowa, wanda ake ɗorawa a kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin. Ke nan duk mai sayen yadi a Kwari yana biya, kuma mai biya yana da bakin magana. Najeriya ce ta fi kowa kujeru a majalisar ƙungiyar, guda 35, mataimakin shugaban majalisar na ɗaya kuma Sanata Barau Jibrin ne, ɗan Kano. Majalisar ta zo ta yi zama a garin nan a watan Mayu 2024. Mu nawa muka je muka kai kukanmu? Ya kamata cibiyar 'yan kasuwa ta Kano da shugabannin Dawanau da Singa da Mariri da ƙungiyoyin direbobi su haɗa kai su nemi a rubuta a doka cewa ba za a sake sa abinci da magani da wutar lantarki cikin takunkumi ba, ko wane ne ya yi juyin mulki. Su nemi a bar jama'a su zaɓi wakilansu a wannan majalisa da ƙuri'arsu, maimakon a riƙa tsamo su daga majalisun ƙasa. Su nemi ƙungiyar ta riƙa tsawata wa farar hular da ya murɗe zaɓe ko ya yi wa tsarin mulki kwaskwarima don ya zarce, kamar yadda take tsawata wa soja, domin rashin yin haka ne ya zubar mata da mutunci a idon matasa. Gwamnonin Kano da Katsina da Jigawa kuma su farfaɗo da hulɗarsu da Maraɗi da Damagaram, ƙofar dawowar Nijar ta zauna a buɗe.

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya, alƙalaminka yana da masu saurare fiye da nawa. Ina roƙonka ka juya shi kan shingayen hanyar Jibiya, da gwamnatocin da ke ƙin bin hukuncin kotu, da wakilanmu da suke zuwa Abuja su yi shiru. A wannan faɗan ina bayanka. A kan ficewa kuwa ban yarda ba, kuma ina kira ga 'yan kasuwar Kano kada su yarda.